Taubashina ya sayar mini da filin wani

A Zangon Kumasi, in aka cuce ka, kafin ka kai ƙarshen labari an riga an ce ka yi haƙuri. Ni ma na sha faɗa wa mutane haka, a gidan makoki, a makarantar da nake koyarwa, a bakin famfo in mata sun kaure da cacar baki. Magana ce mai sauƙin fita daga bakin wanda ba guminsa aka ci ba.

Ni malamar firamare ce. A Aboabo aka haife ni, nan na yi aure, a ɗakin haya na haifi 'ya'yana. Duk wanda ya zauna gidan haya a Aboabo ko Asawase ya san abin da ke sa mace ta ƙwallafa rai a kan nata muhalli: layin banɗaki da asuba, mai gida na neman kuɗin shekara biyu a dunƙule, ga damina in ta kankama ruwan kwata ya biyo ka har ƙarƙashin gado. A 2021 na kwashi adashi, na sayar da 'yan kunnen zinaren da na gada wurin kakata, na ƙara da rance daga asusun ƙungiyar malaman Ghana, GNAT, wanda ake cirewa daga albashi duk wata. Na tattara gaba ɗaya na damƙa wa ɗan kawuna.

Ƙanen Mma, mahaifiyata, ne ya haife shi, ka ga taubashina ke nan. Na girme shi nesa ba kusa ba, ni nake riƙe hannunsa zuwa makarantar allo. Ya girma ya zama dillalin filaye, baki da zaƙi, Hausa da Twi da Turanci duk yana juya su yadda ya so. Ya kai ni wani fili a hanyar Antoa, gaba da Kenyase, ya nuna mini duwatsun iyaka huɗu, har yana tsokanata wai a ina zan yi masa nasa ɗakin.

A ƙasar Ashanti ba a sayen fili saye na har abada. Ƙasa ta kujerar sarauta ce. Sarkin gari ke ba ka takardar rabo, a yi maka haya ta shekara 99 in gidan zama za ka gina, ofishin filaye na Asantehene, babban sarkin Ashanti, da ke fadarsa ta Manhyia ya sa hannu, sannan a kai Hukumar Filaye a yi rajista. Zirga-zirga ce mai cin lokaci, ni kuwa daga aji sai gida. Ya ce, "Yaya, ki bar mini wannan, ai aikina ne." Ya kawo mini takarda da hatimi da taswira a cikin farar leda. Na sa ta a ƙasan akwati, tare da takardun haihuwar yara.

Sai da na tara na bulo da tifar yashi, wata Asabar na ɗauki birkila muka je ya auna. Muka tarar an haƙa harsashi, an kafa rodi, wani dattijo sanye da takalmin roba yana ba bulo ruwa da tiyo. Bai ɗaga murya ba. Irin wannan ba baƙon abu ba ne a Kumasi, shi ya sa kawai ya rufe famfo ya ce mu je fada. Sakataren sarkin garin ya karɓi takardata, ya ɗaga ta sama, ya juya bayanta, ya lashi babban yatsansa ya goga a kan hatimin. Ya buɗe wani ƙaton littafi ya bi layi da yatsa. Sannan ya ce da Twi wannan takarda ba daga gidan nan ta fito ba, filin kuma an daɗe da ba dattijon. Birkila ne ya karɓi jakata ya riƙe, don hannuna ya kasa.

"Yaya, kuskuren safiyo ne, gobe zan gyara." Gobe ta zama jibi, jibi ta zama bayan Sallah, daga nan ya daina ɗaukar waya. Sauran labarin a bakin mutane na tsince shi. Da kuɗina ya sayi Pragya biyu, kekunan nan masu ƙafa uku da suka cika Aboabo, ya ba yara suna kawo masa kuɗin yini. Abin da ya rage ya yi hidimar aurensa da shi. Bikin da na ɗinka atamfar yayinsa, na tsaya kan tukunyar shinkafa tun asuba, na shiga fili na yi wa amarya liƙi. Wannan ya fi asarar kuɗin ci mini rai.

Abin da zuciya ke yi a irin wannan hali ba a cika faɗarsa a Zango ba, kar a ce imaninka ya yi rauni. Ni zan faɗi nawa. Sai in farka tsakar dare in tarar ina tsakiyar yi masa magana. Na tsara jawabin tsaf, na san inda zan dakata, na san amsar da zai bayar, na san wadda zan mayar masa in kashe masa baki. Ina salla, in ɗago daga sujada ban san raka'a ta nawa nake ba, saboda raina yana caji ofis yana kallon ana sa masa ankwa. Ƙarshen wata takardar albashi ta fito, ga layin rancen nan an cire, kuɗin filin da wani ke ginawa. Duk wata sai an fama mini ciwon.

Masu ba da shawarar ramuwa kuwa ba su yi ƙaranci ba. Ƙanena ya zo da abokansa na majalisa, ya ce, "Yaya, ba sai kin ce komai ba, ki yi shiru kawai mu gane." Wata abokiyar aikina 'yar Ashanti ta ce ai ga Antoa nan kusa da filin ma, ƙwai da kwalbar giya kawai za a kai wa rafin Antoa Nyamaa a kira sunansa. Na ce mata ni Musulma ce, ta yi dariya ta ce in je in ga masu zuwa. Maƙwabciyata ta san malamin da zai ja masa Yasin. Kowa ya gama tasa sai ya rufe da cewa rama cuta ga macuci ibada ce.

Tawa dabarar daban ce. Na zaɓi hotonsa na ranar aure, babbar riga da hula, na rubuta labarin daki-daki, na haɗa da hoton takardar bogi. Niyyata in sa a Facebook, in watsa a duk zaurukan WhatsApp na unguwa, in kashe masa kasuwa, kar wanda ya ƙara yarda da shi ko da a cinikin kaza ne. Har hujja ina da ita, don Allah Ya ce a Suratun Nisa'i ba Ya son bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta. Duk dare sai na buɗe rubutun na sauya wata kalma da wadda ta fi ta zafi, kuma wallahi daɗi nake ji, daɗi na gaske. Cikin karance-karancen da rashin barci ya jefa ni na gano ashe har an auna wannan daɗin. A 2004 masu bincike a Jami'ar Zurich, Dominique de Quervain da Ernst Fehr da abokan aikinsu, sun sa mutane wasan amana: ka ba wani kuɗi, ya riƙe duka ya hana ka. Sai a ba ka damar hukunta shi, na'ura tana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarka. Sashen da ke motsawa in mutum na sa ran samun abin daɗi, shi ne ya motsa. Waɗanda nasu ya fi motsawa kuma su ne suka fi yarda su yi asarar nasu kuɗin, don dai macucin ya ji a jikinsa. Ni kam na gane kaina a cikinsu. Ban tura rubutun ba, amma ba don na fi ƙarfin zuciyata ba. Ƙanena ne ya tsegunta wa Mma, ta kira ni ɗaki ta ce in na tura ba ta yafe mini nononta ba.

Zama na farko a gidan Kawu aka yi, kuma ba sulhu aka yi ba, rufa-rufa aka yi. Shi yana gefen tabarma, kai a sunkuye, yana latsa waya a ƙarƙashin riga. Kawu ne ya yi magana a madadinsa: sharrin shaiɗan ne, kasuwa ce ta juya masa baya, shi ma wasu ne suka yaudare shi. Aka ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Aka ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Aka karanto mini hadisin da ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, da wanda ya ce ana bijiro da ayyuka Litinin da Alhamis a gafarta wa bayi ban da masu gaba, a ce a jinkirta wa waɗannan sai sun shirya. Wani baffa ya kawo misalin Babban Limamin ƙasa, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, lokacin da wani fasto ya yi hasashen mutuwarsa a daren shiga 2019, matasa suka je suka farfasa cocin, Shaihu ya tsawata musu ya ce shi ya yafe. "To in Shaihu ya yafe, ke wace ce?" Ban tanka ba, ko da yake na san faston daga baya ya taka har gidan Shaihu a Fadama. Matar Kawu kuwa daga bakin ƙofa ta jefo tata: in ɓera da sata, daddawa ma da wari, malamar makaranta guda ta karɓi takarda ba ta bincika ba.

Hadisan duk gaskiya ne. Abin da na lura kawai, duk a kaina aka karanta su. Ba wanda ya juya wajensa ya karanta masa hadisin matsiyaci, wanda zai zo ranar ƙiyama da salla da azumi, amma ya zagi wannan ya ci dukiyar wancan, a yi ta kwasar ladansa ana biyan mutane har ya ƙare. Ba a ambaci nawa ne kuɗin ba, balle ranar biya. "Zai biya in Allah Ya hore." Aka ce in ce na yafe a shafa fatiha. Mma na kallona, idonta ya ciko. Na ce na yafe. Aka shafa, aka raba goro.

A daren ban runtsa ba. Fushin da nake yi da mutum ɗaya ya zama na mutum goma. An karɓe mini kuɗi, yanzu kuma an karɓe mini baki.

Na san inda gaggawar dattawanmu ta samo asali, kuma ba na raina ta. Mutanen Zango zuriyar baƙi ne, fatake da 'yan goro da malamai da suka sauka a ƙasar wasu. Tun kakanni an saba a kashe wuta a cikin gida, gaban sarki da liman, kar na waje su ji kanmu. Hakan ya riƙe Zango shekara da shekaru. Sai dai in ana saurin rufe magana, a kan wanda ya fi kunya ake rufe ta, kuma sau da yawa mace ce.

Da watanni suka shuɗe ko ƙwandala ban gani ba, na yafa mayafi na tafi caji ofis. Maigidana kaɗai ya sani. Aka tura ni wajen 'yan sandan ciki, na rubuta bayani da hannuna, na miƙa kwafin takardar da shaidar tura kuɗi ta banki. Mai binciken ya je fadar garin ya ji daga bakin sakatare. Ya ce mini laifin zamba ne ta hanyar yaudara, sashe na 131 na dokar laifuka ta 1960, ɗaurinsa na iya kaiwa shekara 25. Ya kuma ce in sani, in magana ta shiga kotu ta zama tsakanin ƙasa da wanda ake tuhuma, ni shaida ce kawai, ba ni zan tsayar da ita ranar da na ga dama ba. Na ce na ji.

Suka gayyace shi ya ƙi zuwa, suka ɗauko shi a tashar Pragya. Na gan shi a bayan kanta, ba takalmi, an karɓe masa bel, ya riƙe wando da hannu ɗaya. Abin da na daɗe ina gani a cikin salla, ga shi a gabana. Na ji sanyi a raina tun daga caji ofis har bakin titi. Kafin tirotiro, motar haya, ta sauke ni a Aboabo sanyin ya gudu. Tsarin mulkin 1992 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin awa 48 ko a sake shi, don haka washegari Kawu ya tsaya masa aka ba da beli. Ya fito ya zama shi ne abin tausayi. Labarin da ya zaga Zango shi ne Malama ta kulle ɗan'uwanta saboda abin duniya. A gidan suna mata su amsa gaisuwata a daƙile. Mma ta rage cin abinci. Shi kuwa, yadda aka kawo mini, cewa yake da ma zai biya, amma tunda na ci masa mutunci mun yi kunnen doki.

Na rama, tunaninsa kuma ya ƙaru a kaina maimakon ya ragu. Wannan ma ba ni kaɗai ba ce. A 2008 Kevin Carlsmith da Timothy Wilson da Daniel Gilbert a Amurka sun sa ɗalibai wani wasan kuɗi da aka dasa maha'inci a ciki. Aka ba wasu damar hukunta shi, wasu ba a ba su ba. Mutane sun ɗauka wanda ya rama shi zai fi samun sauƙi, sai ga shi waɗanda suka rama ne suka fita da ɓacin rai mafi yawa, saboda sun ci gaba da tauna maganar, waɗanda ba su samu dama ba kuma suka kawar da kai suka wuce. Wani Bajamushe, Mario Gollwitzer, ya gano sauran zancen. A gwaje-gwajensa ganin macuci na shan wuya bai isa ya gamsar da wanda aka cuta ba. Gamsuwa na zuwa ne in macucin ya nuna ya gane dalilin da ya sa aka yi masa. Ni nawa saƙon bai isa ba. Ya kwana a bayan kanta ya fito da darasi ɗaya, cewa yayarsa muguwa ce. Mai cuta da ƙaramin mudu yake auna abin da ya yi, wanda aka cuta kuwa da babba, shi ya sa ramuwar da nake gani ba ta kai ko'ina ba shi yake ganin ta wuce gona da iri.

Ana haka limamin masallacin unguwarmu, tsohon da ya biya mana allo ni da shi, ya aiko a kira ni. Na tafi da shirin jin wani wa'azin haƙuri. Na same shi a zaure cikin littattafansa, tabarau ɗaure da zare. Bayan gaisuwa ya ce, "Malama, me kike so?"

Tun da abin ya faru ba wanda ya yi mini wannan tambayar. Na ce, "Kuɗina, Malam."

Ya ce, "To, in wani attajiri ya biya ki yau a madadinsa, shi kuma ya ci gaba da cewa kuskuren safiyo ne, kin huce?"

Na daɗe ban amsa ba. Sannan na ce a'a. So nake ya faɗa da bakinsa, a gaban waɗanda aka sa na ce na yafe a gabansu.

Ya karanta ayar Suratush Shura. Ya ce mutane na son yankin da ya ce wanda ya yafe ya gyara ladansa na wurin Allah, su tsallake farkonta da ya ce sakamakon cuta cuta ce kwatankwacinta, su tsallake ayar da ke biye, wadda ta ce wanda ya nemi haƙƙinsa bayan an zalunce shi babu laifi a kansa. "Yafiya kyauta ce, 'yata. Abin da aka ƙwata da kunya ba kyauta ba ne. Wadda kika yi a gidan kawunki, ki ɗauka ba ki yi ba." Sai ya kawo labarin Wahshi, wanda ya kashe Sayyidina Hamza a Uhudu. Ya musulunta daga baya, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi musuluncinsa, bai taɓa shi ba, amma ya tambaye shi ko zai iya ɓoye masa fuskarsa. "In an ce ki yafe, ba a ce ki sake ba shi ajiya ba. Ba a ma ce sai kin ji daɗin ganinsa ba."

Zama na biyu a zauren Malam aka yi bayan la'asar. Kawu, Mma, maigidana, wakilin sarkin unguwa, da dattawa biyu daga masallaci. Malam ya kafa sharaɗi ɗaya, ba mai magana a madadin wani. Ya karɓi wayar taubashina ya kife ta a kan buzu.

Ya fara da "abin da ya faru shi ne". Malam ya ɗaga hannu. "Ba gobara ba ce da za ka ce ta faru. Me ka yi?" Ya koma kan safiyo. Malam ya ce ga waya nan, a kira safiyon yanzu. Shiru. Kawu ya buɗe baki, wakilin sarki ya dafa masa gwiwa. Mun daɗe a haka, ba ka jin komai sai karatun yara daga tsakar gida. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Yaro, ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Sannan ya fara, murya ƙasa-ƙasa. Filin bai taɓa zama a hannunsa ba. Hatimin wani ne ya sassaƙa masa. Tun ranar da ya nuna mini duwatsun iyaka ya san na wani ne. Lissafinsa, Pragya za su kawo kuɗi ya saya mini wani filin kafin in tashi gini, sai ya ce an yi canji. Malam ya ce, "Me ya sa ita?" Ya ce don ya san Yaya ba za ta binciki takardar da ta fito daga hannunsa ba, kuma ko ta gane ba za ta kai shi ko'ina ba saboda Gwaggo.

Amsar ta fi duk abin da na zata muni, kuma ita ce ta sauke mini nauyin. Ba wautata ya ci ba, yardata ya ci, ya kuma faɗa a gaban ubansa. Kawu ya cire hula ya riƙe a hannu. Taubashina ya matso ya durƙusa ya ce, "Yaya, na cuce ki, na ci amanarki. Ki yafe mini." Jawabin da na yi wata da watanni ina tsarawa, ko jimla ɗaya ban tuna ba. Ban yi kuka ba. Yunwa na ji, irin wadda na daɗe ban ji ba. Na ce masa na ji, na ajiye niyyar ramuwa, ba zan ƙara bin sa da sharri ba, ni ko ƙanena. Sauran kuma ya ba zuciyata lokaci. Malam ya ce hakan ya wadatar, kar wanda ya ƙara matsa mini.

A kan kuɗi aka fi daɗewa. Sidin da na ba shi a 2021 ba shi ne sidin ranar zaman ba. A farkon 2022 dala ɗaya wajen sidi 6 ce, kafin shekarar ta ƙare sai da ta haura 14, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disamba. Siminti, rodi, fili, komai ya yi tashin gwauron zabi. Maigidana ya ce a biya ni da fili kwatankwacin wancan. Kawu ya ce ko yaron aka sayar ba zai kai ba. Aka ja, aka saki. A ƙarshe aka tsaya a kan ya sayar da Pragya ɗaya nan take a ba ni, saura ya riƙa turowa ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, duk wata har adadin da na ba shi ya cika, Kawu ya tsaya masa lamuni. Bambancin da faɗuwar sidi ta jawo, wanda ba ƙarami ba ne, ni na ce na bar masa. Ba wanda ya roƙe ni, shi ya sa har yau ba ya damuna.

Malam ya sa aka rubuta da Hausa da Turanci, yana cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Muka sa hannu, Kawu da Mma suka dangwala. Wakilin sarki ya ce dokar sasanci a wajen kotu ta 2010 ta san da irin wannan zama, muddin ɓangarorin biyu sun yarda da shi. Na kai wa mai binciken kwafi da wasiƙar cewa mun sasanta a gida. Da yake ba a riga an shigar da ƙara kotu ba, maganar ta tsaya nan.

Zuciya kuwa ba ta san an sa hannu a takarda ba. Everett Worthington, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, wanda ɓarawo ya kashe mahaifiyarsa a gidanta a daren shiga 1996, ya raba yafiya gida biyu: ta ƙuduri, wato ka yanke ba za ka rama ba, da ta zuciya, wato ɗacin ya bar ka. Ta farko na yi ta a yammaci ɗaya. Ta biyun tana zuwa tana komawa. In kwanan wata ya gota ban ji ƙarar saƙon MoMo ba, tsohon jawabin nan sai ya dawo cif, har da sababbin kalmomi. In na hangi Pragyarsa a mahaɗar Aboabo sai na ji wuyana ya ɗaure. Na goge rubutun da hoton. Na hana a kawo mini labarinsa, mai daɗi ko marar daɗi. Na daina ba da labarin a ofishin malamai, don na lura duk ranar da na ba da shi da ciwon kai nake komawa gida. Malam ya ce in riƙa yi masa addu'a, na ce ba zan iya ba. Ya ce to in roƙa masa abin da zan iya. Na fara roƙon Allah Ya buɗa masa ya biya ni, kuma gaskiya har yanzu a nan addu'ar ta tsaya.

Ƙanena na ganin na yi sake, ya ce da ɗaurin ya fi. Matar Kawu har yau ba ta amsa gaisuwata da kyau. Wasan taubasantaka ya mutu, watan Muharram ya zo ya wuce ba wanda ya tambayi wani kuɗin shara. In mun haɗu ya ce, "Yaya, ina kwana," in amsa, in tambayi iyali. Da matarsa ta haihu na je suna da sabulu da turmin atamfa, ban daɗe ba na taso. Kwanaki ya aiko Mma ta gaya mini wai ya samo fili mai kyau wajen Mamponteng, da araha, yana so ya wanke kansa. Na ce ta ce masa na gode.

Muna nan Aboabo a ɗakin haya, ana ci gaba da cire rancen, na kuma shiga sabon adashi. Abin da ya rage a kansa bai fi kashi ɗaya cikin huɗu ba, wa'adin da aka rubuta zai cika bayan babbar Sallah. Malam ya ce in ya cika da saura a sake zama, kuma Kawu ya zo da takardun Pragya ta biyun.